TAKARDA TA FITO DAGA HANNUN SOJA: Wasiƙun Yaƙin Bama da Abin da Suka Bar Mana a Baki

(Wannan ita ce laccar da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara, a babban ɗakin taro na makaranta. Mun buga ta kamar yadda ya karanta ta.)

 

Gabatarwa

Ranar da Sakataren Ƙungiya ya kira ni ya ce kwamiti ya ɗora mini laccar bana, na tuna masa cewa tun muna aji uku ni ba gwanin magana ba ne, kuma a darasin Tarihi ban taɓa wuce tsakiyar aji ba. Sai ya ce ai dalilin da ya sa aka zaɓe ni ke nan, domin an tabbata ba zan daɗe ba. To, Malam Sakatare, ka yi haƙuri, yau ka taro abin da ya fi ƙarfinka.

Abin da ya kawo ni gabanku wani tsohon akwatin ƙarfe ne. Shekaru kaɗan da suka wuce, da za a rushe soron ƙasa na gidanmu a zuba bulo, magina suka fito da shi daga ƙarƙashin tarkace, duk ya yi tsatsa. Yara har sun ja shi bakin shara. Da na fasa kwaɗon sai na tarar da lambobin yabo biyu, da littafin sallama na soja, da wasiƙu goma sha ɗaya a naɗe cikin tsumma. Gara ta riga ta gama da uku. Wasiƙun na Baffana ne, wan mahaifina, wanda ya yi yaƙin Bama, ya dawo, ya yi noma, ya rasu ina aji biyu a wannan makaranta, ban taɓa zama na tambaye shi ko da kalma ɗaya ba a kan inda ya je da abin da ya gani. Wannan lacca, in an bi ta barauniyar hanya, biyan bashi ce.

Me ya kai Bahaushe Bama?

Sojancin Bahaushe a hannun Bature ya girmi yaƙin Hitila nesa ba kusa ba. A 1863 wani hafsan Ingila mai suna Glover ya tara 'yan tsirarun mutane masu jin Hausa a Ikko ya ba su bindigogi, kuma daga wannan 'yar ƙungiya ce sojan Nijeriya ke ƙirga asalinsa. A 1897 aka ɗora wa Lugga, wato Lugard, aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, wadda ita ce daga baya ta ci Kano da Sakkwato a 1903. Ba duk wanda ke cikinta ne Bahaushe ba. Akwai Barebari, da mutanen Zuru, da Tibi, da Zabarmawa, da sauran ƙabilu masu yawa, amma Hausa ce harshen bariki, har ana sa hafsoshin Turawa su koye ta.

Da yaƙi ya ɓarke a 1939, farko Gabashin Afirka aka kai su su kara da Italiya. Birged ɗin Nijeriya na cikin waɗanda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, suka zarce har Harar ta ƙasar Habasha a watan Maris. Bayan Japan ta ƙwace Bama a 1942, sai aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, daga Nijeriya da Gwalkwas, wato Gana ta yau, da Saliyo da Gambiya. Ta 81 ta tashi a 1943, ta zagaya ta ƙurewar kudancin Afirka a jirgin ruwa, makonni ba a ganin komai sai ruwan gishiri, har Bombay. Ta 82 ta bi bayanta a 1944. Mutum kimanin 90,000 ne daga Afirka ta Yamma suka yi wannan tafiya, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Wasu da son ransu suka shiga, don albashi ko don kaki, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su da yatsa domin a cika adadin da aka yanka wa ƙasarsa.

Abin dariya, in ba don abin kuka ne ba, shi ne manyan Ingila sun ɗauka duk baƙin mutum ɗan kurmi ne, don haka zai ji daɗin dajin Bama. Ga mutumin da ya tashi a ƙasar gero da ƙaya, inda za ka hango raƙumi tun daga nisan zango, an jefa shi cikin dajin gora inda ba ka ganin na gabanka, ga ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, ga matsattsaku, ga zazzaɓi. A kwarin kogin Kaladan babu hanyar mota, sai da suka sare ta da adda da gatari fiye da mil 70. Abinci da harsashi daga jirgin sama ake jefo musu, sa'an nan 'yan ɗauko su ɗora a ka su hau duwatsu da su. Birged ɗaya na 'yan Nijeriya kuma aka ba Janar Wingate, aka sauke su a bayan dagar Japanawa a 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci tsohon birnin Myohaung. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya taka har can ya duba su.

Kakata kuwa, Allah ya jiƙanta, da aka ce mata ɗanta yana Bama, sai hankalinta ya kwanta, domin ita Bama ɗaya ta sani, ta ƙasar Barno. Har ta so ta ba wani ɗan kasuwa mai zuwa Maiduguri daddawa da kuka ya kai masa. An ce babu wanda ya yi ƙarfin halin gyara mata sai bayan da ya dawo.

Hannu huɗu a kan takarda ɗaya

Mu da muka yi makarantar kwana mun san daɗin wasiƙa. Kun tuna yadda ake tsit a wajen taron safe in an fara kiran sunayen masu wasiƙa, da yadda mutum kan ɗaga ambulan ya duba ta a rana ko akwai fasa'oda a ciki. To, amma tamu daga hannu ɗaya take zuwa hannu ɗaya. Ta soja kuwa sai ta ratsa hannu huɗu.

Na farko shi ne sojan, wanda galibi bai iya rubutu ba, sai dai ya faɗa. Na biyu shi ne mai rubutawa: ko wani almajiri a cikin kamfaninsu mai ajami, ko wani akawu mai boko, wanda sau da yawa Hausar ma a bariki ya tsince ta. Cikin takwas ɗin da suka tsira a akwatin Baffa, biyar ajami ne, uku boko, kuma hannu uku daban-daban na ƙirga. Na uku shi ne hafsa mai tace wasiƙu, wanda zai duba kada a ambaci sunan gari, ko yawan mutane, ko wanda aka kashe, ya buga hatiminsa. Na huɗu shi ne wanda zai karanta a gida: liman, ko malamin hakimi, ko wani yaro ɗan elemantare da za a kirawo a tsayar a zaure, maza na zaune, mata na saurare ta bayan danga.

Saboda haka wasiƙar soja ba sirri ba ce, shela ce. Mai faɗa ya san Bature zai gani, ya san rabin unguwa za su ji. Wanda ya karanta irin waɗannan takardu yana neman labarin fama zai tashi hannu rabbana. A cikin takwas ɗin nan babu inda Baffa ya ce an yi harbi. Kullum yana lafiya, kullum suna wani wuri mai yawan ruwa, kullum abinci shinkafa ce. Sai da na ɗauki littattafan tarihi na auna da watannin da ke kan hatimi, na gane cewa wasu daga cikin waɗannan “muna lafiya” an faɗe su ne a lokacin da ake binne mutane.

Ginin wasiƙar Bahaushe

Malamanmu na Hausa da ke zaune a nan sun koya mana wannan gini, kuma soja bai canza ko tubali ɗaya ba. Ana farawa da cewa takarda ta fito daga hannun wane zuwa ga wane. Sai gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Sai tambayar lafiya, da shaida cewa in an tambayi tasa, yana nan lafiya sai kewa. Sai “bayan haka”, inda ainihin magana take, kuma sau da yawa ba ta wuce layi uku ba. Sai jerin gaisuwa, wanda shi ne rabin takarda. Sai a rufe da haza wassalamu.

Wannan jerin gaisuwa ba ɓata tawada ba ne. Bisa tsari yake tafiya: mahaifi, mahaifiya, liman, mai unguwa, baffanni, kawunnai, gwaggwanni, maƙwabta, abokan kokawa. Wanda aka tsallake zai ji a zaure cewa an tsallake shi, kuma zai riƙe. Har jakinsa Baffa ya tambaya sau biyu. Ya tambayi rumbu, ya tambayi ko an biya haraji, ya tambayi ko kuɗin da ake yanka daga albashinsa suna isowa ta baitulmali.

Mutum biyu ne kawai ba a ambaci sunansu ba ko sau ɗaya: matarsa da ɗansa na fari, wanda ya bari a goye. Kun san dalili. Kunya ba ta barin Bahaushen wancan zamani ya kama sunan ɗan fari, balle a gaban iyayensa, balle a zaure. Matar tana cikin “mutanen gida”. Ɗan kuwa shi ne “yaron nan”. Amma fa babu takarda ɗaya cikin takwas da ba a ce a duba yaron nan ba. A wata ya tambaya ko ya fara tafiya. A wata ya ce a cire sule biyu a ɗinka masa riga da salla. A ta ƙarshe ya ce in ya isa a kai shi makarantar allo, kada a jira dawowarsa.

Yaron nan yana da rai, ya haura tamanin, idonsa ya yi rauni. Ya tashi yana ganin mahaifinsa mutum ne mai tsanani, wanda bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa yi masa wasa ba. Na je na zauna na karanta masa takardun ɗaya bayan ɗaya. Bai ce komai ba sai da na gama, sa'an nan ya ce in maimaita masa ta rigar salla. Jama'a, shekara tamanin saƙon nan yana kwance a soro yana jiran mai shi, kuma saura ƙiris yara su ƙone shi da shara.

Ƙugiya ɗaya ta sa gida kuka

Kada in sa ku hawaye tun ba a kawo abinci ba, bari in ba ku labarin ɗaya daga cikin na bokon. A wancan lokaci haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su daɗe da shigowa ba, kuma akawun bariki bai san da zamansu ba. Baffa yana ba da haƙurin jinkiri, ya ce ya rasa kafa ta aiko da saƙo, wato bai sami hanya ba. Yaron da aka kirawo ya karanta yana bin baƙi ɗaya-ɗaya, da ya iso nan sai ya ce, “Na rasa ƙafata,” ya tsaya ya haɗiye yawu. Kafin ya ci gaba, salati ya tashi a bayan danga. An ce kwana biyu ana shigowa jaje, sai da malamin hakimi ya zo ya sake karantawa aka mayar wa Baffa da ƙafarsa. Ga takardar nan na zo da hotonta, duk mai so ya gani bayan an tashi.

Don haka ku ɗalibai na baya, in malami ya zabtare muku maki saboda kun bar ƙugiya, kada ku ce mugunta ce. Tsakanin kasa da ƙasa, da bari da ɓari, da daki da ɗaki, akwai zaman lafiyar gida. Mu ma manya da muke rubutu a waya ba ƙugiya ba waƙafi, mu ji tsoron Allah.

Yaƙin ya taimaka wajen yaɗa karatun boko da Hausa. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya a watan Janairu na 1939, Malam Abubakar Imam na edita, watanni kaɗan kafin a fara yaƙi, kuma labarin yaƙi ne ya sa mutane suka riƙa taruwa a gindin bishiya ana karanta musu ita. An yi mata 'yar ƙarama da ajami mai suna 'Yar Gaskiya saboda waɗanda ba su iya boko ba. A bariki kuma an buɗe azuzuwa, sojoji da yawa da suka tafi suna dangwala yatsa sun dawo suna sa hannu.

Abin da bariki ya zuba a bakinmu

In kun kasa kunne za ku ji kalmomin yaƙi na Hausa hawa uku ne, kamar ginin bene. Na ƙasa namu ne na gado: dakaru, barade, sansani, garkuwa, kwari da baka. Na tsakiya daga Larabci suka zo ta hanyar fatauci: bindiga, harsashi, albarushi. Na sama kuwa na Bature ne, amma sai da Bahaushe ya sassaƙe su suka dace da bakinsa. Bature ya ce rikurut, muka yar da kan muka ce kurtu, muka yi masa jam'i kurata, kamar tare aka haife mu. Ya ce ofisa, muka ce hafsa, hafsoshi. Sajan-manja ya yi mana tsawo, muka dunƙule shi ya koma samanja. Haka farabiti, da kofur, da saje, da kyaftin, da manjo, da kanar, da fareti, da bataliya, da gurneti, da fansho. Kaki kuwa ya fi su yawo: asalinsa kalmar ƙura ce a Farisanci, ta zauna a Indiya, Bature ya ɗauko ta ya kawo mana. Ashe sojanmu da ya sauka Bombay sanye da kaki, mayar da kalmar gida ya yi bai sani ba.

Abin sha'awa shi ne yadda kalmomin suka tsallake katangar bariki suka sake sana'a. Sintiri a wurin Bature mutum ne da ke tsaye a bakin ƙofa. A wurinmu duk mai kai da kawowa sintiri yake yi, har saurayin da ya addabi layin budurwa. Daga gadi muka sami maigadi. Shi kansa bariki ya fara da gidan soja, ya koma unguwar Turawa da ma'aikata, daga nan ya zama wata irin rayuwa: in aka ce wane ɗan bariki ne, ko wance ta shiga bariki, kun san ba zancen bindiga ake yi ba. Soja kuwa ya hayayyafa. Akwai sojan gona, mai shigar abin da ba shi ba. Akwai sojan baka, wanda 'yan siyasa ke turawa gidan rediyo. Akwai sojan haya, wanda ba sai na yi wa wasu 'yan ajinmu bayaninsa ba, musamman waɗanda suka tuna jarrabawar lissafi. Sa'an nan ga kirarin da talaka ya yi masa, wanda ya taƙaita dangantakarsu kaf: soja marmari daga nesa.

Hausar da ake yi a cikin barikin ita ma ta sami suna, Barikanci: ba ruwanta da namiji da mace, mata ma “ya zo” ne, ba ƙugiya, ba karin sauti. Yawancinmu a bakin Samanja Mazan Fama muka san ta, wato marigayi Usman Baba Pategi, wanda shi kansa tsohon soja ne, ya rasu a 2023. Mun yi ta dariya, amma da wannan gurguwar Hausa ce Batibi da Babarbare da mutumin Zuru suka riƙa jan juna daga bakin mutuwa a dajin Bama.

Ko kuɗin da ke cikin wasiƙun sun bar mana gado. Naira ta zo ranar 1 ga Janairu 1973, fam da sule suka tafi, amma har gobe wanda ya tsiyace cewa yake ba shi da ko sisi, ko taro, ko anini, alhali 'ya'yanmu ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Kan sarki kuma, wanda ya samo sunansa daga hoton kan Sarkin Ingila da ke jiki, a zamanin yaƙin na Sarki Joji na shida, ya ci gaba da zama kan sarki ko da aka koma zana masa dabbobi da gadoji.

Akwai kuma zancen suna. Magatakardan soja kan rubuta sunan mutum ya liƙa masa sunan garinsu, shi ke nan ya zama sunan mahaifi. Makarantun boko na Arewa ma haka suka yi, shi ya sa muke da Aminu Kano, da Shehu Shagari, da Isa Kaita, da Sa'adu Zungur. A maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon akwai ginshiƙai ɗauke da sunayen mutum kusan 27,000 na rundunonin Ingila da ba a san kabarinsu ba. Cikinsu akwai namu, kowanne da sunan garinsu a bayansa. Wannan ɗabi'a ta magatakarda ita ce yau kaɗai adireshin da ya rage musu.

Taswirar Bama a garuruwanmu

Da yawanmu mun yi aiki a Kaduna, mun sha wucewa ta barikin Kalapanzin, muna ce masa Kalafanzi, ba mu taɓa tambayar ko wane yare ne ba. Sunan kogi ne a yankin Arakan. Barikin Dalet na Kaduna, da Letmauk na Ibadan, da Myohaung da An da Tamandu da Arakan na Ikko, duk wuraren da aka yi fama ne a Bama. Chindit na Zariya sunan mayaƙan Wingate ne, daga wani mutum-mutumin zaki da ke gadin ƙofar wuraren ibadarsu. Hedkwatar sojan Gana a Ankara sunanta Burma Camp. Har barikin Dodan, inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1991, wanda mu muna yara muka ɗauka daga dodo aka samo shi saboda tsoron masu zama a ciki, shi ma sunan wuri ne a can. Barikin Lakwaja kuwa sunan mutum ya ci, Chari Maigumeri, wanda ya fara soja a hannun Jamus a Kamaru, ya koma na Ingila, ya yi Habasha ya yi Bama, ya ajiye aiki a 1953.

Arakan ita ce jihar Rakhine a ƙasar da aka sauya wa suna Myanmar a 1989. A watan Maris na 1944 aka harbi wani sojan Nijeriya, Isaac Fadoyebo, a bakin kogin Kaladan, aka bar shi a matacce. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ɓoye shi tare da wani ɗan Saliyo, ya ciyar da su wata tara, alhali in Japanawa sun gane kashe shi za su yi. Mutanen wannan manomi su ne Rohingya, waɗanda aka kori fiye da 700,000 daga cikinsu zuwa Bangladesh a 2017. In kun ji labarinsu a rediyo, ku san akwai bashin shinkafa tsakaninmu.

Na gida ma sun yi nasu yaƙin

Amsoshin da aka aika wa Baffa ba su dawo tare da shi ba, amma tambayoyinsa sun nuna abin da ke ransa. Da Malaya ta faɗa hannun Japan, Ingila ta rasa kuzarta, sai aka juyo kan Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa kwasar talakawa ƙarfi da yaji zuwa haƙar kuza, abin da mutane suka kira ɗiban gwamna, kuma sanyi da cuta da ƙarancin abinci sun kashe da dama. A 1942 aka yi yunwar da ake kira 'Yar Gusau. Gishiri da kananzir da yadi suka yi wuya. Filin jirgin Kano ya cika da jiragen yaƙi da ake haɗawa a Takoradi, su biyo ta Kano da Maiduguri da Hartum zuwa Masar. Mutumin da ke cikin ramin daga yana tambayar rumbu ya san abin da yake tambaya.

Japan ta miƙa wuya a watan Agusta na 1945, amma sai a 1946 da yawansu suka taka ƙasar gida. Sallamar da aka ba su ba ta kama ƙafar ta Bature mai muƙami irin nasu ba, ayyukan da suka sa rai kuma ba su samu ba. A Ankara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, mazan jiya suka yi jerin gwano za su kai kukansu ga Gwamna, aka harbe uku, kuma tarzomar da ta biyo baya na cikin abin da ya gaggauta 'yancin Gana a 1957. A nan kuwa yawancinsu gona suka koma, ko suka zama masinjoji da 'yan doka da masu gadi.

'Yan ajinmu, kun tuna Baba Maigadi na bakin ƙofar nan, mai tsohuwar kwat ta kaki. Kun tuna yadda mukan ƙame mu buga ƙafa mu sara masa don tsokana, shi kuma ya miƙe ya karɓa da gaske. In ya fara zancen wani kogi mai suna Kaladan sai mu ce tsufa ne, mu watse. Muna shiga aji muna haddace yaƙe-yaƙen Turai don jarrabawa, ga wanda ya yi yaƙin da hannunsa a bakin ƙofa yana kaɗa sauro. Ni ina cikin masu tsokanar, kuma ina roƙon Allah ya yafe mana.

Kammalawa

Roƙona uku ne, Shugaba. Na farko, kowa in ya koma gida ya bincika soro da adaka da ƙarƙashin gadon tsofaffi. Ba na Bama kaɗai ba: wasiƙun yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da na waɗanda suka je Laberiya daga 1990, da kaset-kaset ɗin da 'yan'uwa kan aiko daga Makka, har da namu na neman kuɗin makaranta. Wanda ya samu kada ya liƙe da salatif, kada ya kai a manne masa leda da zafi. Ya ɗauki hoto da waya gaba da baya, har da ambulan, ya sa takardar a busasshen wuri.

Na biyu, Ƙungiya ta ware kabad ɗaya a laburaren makaranta don ajiye kofen abin da aka samu, da yardar iyalan masu shi, sa'an nan a kai wani kofen Gidan Arewa ko Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda masu bincike za su same shi. Ni na fara da takwas ɗina, da izinin mai rigar salla.

Na uku, mu sa 'yar kyauta duk shekara ga ɗalibin da ya zauna da wani tsoho ko tsohuwa a garinsu ya rubuto abin da ya ji, da Hausa, da ƙugiyoyinta cif. Waɗanda suka je Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, amma 'ya'yansu na nan, kuma su ma rana ta yi musu gora. Ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara hukuma kan ajiye furanni don tunawa da mazan jiya. Namu tunawar ita ce mu san sunayensu da abin da suka ce.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya jiƙan Baba Maigadi, ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka rasu, ya ba waɗanda ke raye lafiya da tsawon kwana, ya ɗaukaka wannan makaranta. Ina gaida Shugaba, ina gaida malamai, ina gaida 'yan ajinmu kowa da kowa, wanda na tsallake ya yafe ni. Haza wassalamu.